Wurin da Marigayi Ya Fi So

Sai da ya mutu suka gano ashe mutumin kirki ne. Da yana raye, 'yan majalisar nan ko inuwa ɗaya ba sa son sha da shi. In ya miƙe zai yi magana sai ka ga ana duba agogo, ana zamewa banɗaki, wani ma ya kifa kai a tebur ya ce a tashe shi in an gama. Sai-an-tashi suke ce masa, domin in ya kama magana a kan abin da bai yarda da shi ba, ba ya zama sai lokacin zaman ya ƙare an watse ba a yi ƙuri'a ba. Amma ranar da aka ce ya cika, motocinsu suka toshe layin gidansa, kowa ya fito da hankici a hannu.

Matarsa ta karɓi gaisuwarsu tana kallon ƙasa. Malama ake ce mata, don ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa a firamare. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, ba don ta taɓa zama da su ba, sai don ta sha jin sunayensu a bakin mijinta yana cire takalmi yana tsaki. Ita kuwa ba za ta yi wa kowa ƙarya ta ce ta ji daɗin auren ɗan majalisa ba. Matan abokan aikinsa sun sauya gidaje, ita tana nan tana tara bokiti a kicin in ruwan sama ya sauko. Abinci ba ya gama ci, sai an yi sallama ya ajiye cokali ya fita. Ta yi fushi har ta gaji, ta yi gori har gorin ya zama wasa a tsakaninsu.

Abu ɗaya ya bar mata, kuma ta san ya bar mata shi: suna. In ta shiga kasuwa aka ce matar Sai-an-tashi ce, sai ka ga an matsa an ba ta wuri, tsofaffi suna sa masa albarka. Da wannan take hura hanci a gaban masu manyan motoci, da shi kuma take lallashin zuciyarta yanzu da gefen gadonsa ya zama wofi.

Rabin sunan nan a ƙofar babban asibiti ya same shi. Asibitin ba ya barin masu jinya su zauna a ɗakin marasa lafiya sai lokacin ziyara, alhali yawancinsu daga nesa suke zuwa, ba su da kowa a gari. Da can a bakin titi suke zubewa, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Shi ne ya yi ta naci a farkon zuwansa majalisa har aka yi musu rumfa a filin da ke gaban ƙofa: rufin kwano, bencinan siminti, famfo biyu, igiyar shanya, da banɗaki a baya. Ba wani abin kallo ba ne. Hayaƙin girki ya baƙanta kwanon, zannuwa suna lilo a igiya, yara suna kuka. Manyan asibiti suka ce tana zubar musu da mutunci a idon baƙi. Shugaban masu rinjaye, wanda ake wa laƙabi da Mai Turare saboda ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki, ya yi ta kawo ƙudurin a rushe ta a gyara wurin. Duk lokacin da ya kawo, Sai-an-tashi ya miƙe ya gyara tabarau, ƙudurin ya mutu a bakinsa.

Bayan ƙafa ta ɗauke, Mai Turare ya zo gidan da mutum biyu a bayansa. Suka zauna a falo a kan kujerun da sosonsu ya lotse. Ya ɗora hannu a ƙirji.

"Malama, mu fa muka yi rashi, ba ke kaɗai ba. Faɗan da kika ji muna yi da marigayi, faɗan harshe da haƙori ne. Majalisa ta ce ba za ta bari a manta da shi ba. Za mu yi masa abin tunawa, wanda jikokinsa za su nuna su ce na kakanmu ne."

Malama ta so ta daure, amma idonta ya cika. Shekara da shekaru tana jiran ranar da mutanen nan za su buɗe baki su ce mijinta ya yi aiki.

"Ba mu so mu yi gaban kanmu," ya ci gaba. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A duk faɗin garin nan, ina ne wurin da marigayi ya fi so?"

Ko tunani ba ta yi ba, har da 'yar dariyarta ta mai hawaye.

"Ranka ya daɗe, ai wannan ko yaro ya sani. Rumfar masu jinya mana. In an tashi daga majalisa can yake wucewa ya cire takalmi ya zauna a benci, ni ina nan abinci yana hucewa. Na sha ce masa ya ɗauki katifarsa ya koma can."

Mai Turare ya juya ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya sunkuyar da kai. Malama ta ɗauka tausayi ne ya kama su.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Bakinki ya yanke. Can za a yi."

Ranar da za a kawo maganar a majalisa aka aiko mata da mota. Ta tafi da autarta, wadda ke aikin nas a asibitin nan, aka zaunar da su a sama, wurin baƙi. Daga nan tana hango kujerar mijinta, an ɗora mata furanni. Majalisar tana da wata ƙa'ida da ta gada tun kafuwarta: ƙudurin karrama mamaci ba a muhawara a kansa, ba a kuma ƙuri'a. Za a karanta, kowa ya miƙe tsaye ya yi shiru, miƙewar nan ita ce amincewa. Ba a taɓa jin wanda ya zauna ba, don wa zai so a ce shi ne ya yi gaba da gawa?

Mai Turare ya karanta da murya mai rawa. Ya jero ayyukan marigayi, har da waɗanda shi da kansa ya yaƙa. Sannan ya ce majalisa ta amince a kafa lambun tunawa da sunansa a filin da ke gaban babban asibiti, wurin da iyalinsa suka zaɓa da bakinsu, da zarar an share filin.

Kujeru suka yi ƙara, aka miƙe. Malama ma ta miƙe. Ita da ta ji lambu, abin da ta gani a ranta shi ne itatuwa kewaye da rumfa, masu jinya suna shan inuwa, sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Auta ta ja mata gefen mayafi.

"Mama, share fili fa suka ce."

"Ke, rufe mini baki, ana shiru."

Mutum ɗaya ne a ƙasa bai tashi da wuri ba, wani tsohon abokin mijinta da ake kira Gajere. Ya ɗaga kai ya dubi wurin baƙi, ya ga matar marigayi a tsaye tana share hawaye. Ya dafa tebur ya miƙe shi ma, kamar mai ciwon baya.

Shi ne ya tare ta a bakin matakala bayan an tashi. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Malama, da gaske ke kika ce musu can?"

"Ni na ce. Laifi ne?"

"Kin san abin da muka miƙe a kai yanzu? Ƙudurin rushe rumfa ne, wanda mijinki ya ƙare muryarsa yana kashewa. Shi ne dai, riga kawai aka sauya masa. Da ya zo da fuskarsa, ko ni kaɗai na rage sai na yi magana har a tashi. To an naɗe shi da likkafani, wa zai taɓa? Na so in zauna, wallahi na so. Sai na ga kin tashi."

Malama ta juya ta nufi waje. Auta ce ta riƙe ta har mota. Baki shi ke yanka wuya, Malama ta sha faɗa wa 'yan ajinta haka, ba ta taɓa zaton wuyan mijinta nata bakin zai yanka ba.

Washegari ta shirya ta tafi ofishin Mai Turare. Bai bar ta ta jira ba ko kaɗan, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Ya taso da kansa ya ja mata kujera, ya sa aka kawo shayi a kofi mai bakin zinare. Ɗakin sanyi ƙalau, labule har ƙasa, ga hoton mijinta sabo fil an rataye a bango.

"Ranka ya daɗe, na zo in janye maganata. Ban ce a rushe rumfa ba. Tambayata kuka yi inda yake so, na faɗa."

"Haka ne. Mu kuma muka girmama zaɓinki."

"To ku bar rumfar, ku rubuta sunansa a jikinta. Ya ishe shi, ya ishe ni."

Ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro.

"Haba Malama. Sunan babban mutum kamar wannan a saman igiyar shanya? Baƙi su zo ajiye furanni su tarar ana wanke kwanon fitsari? Ai sai duniya ta zage mu."

"A wurin yake zama. Bai taɓa cewa yana masa wari ba."

"Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sauƙin kai. Shi ya sa mu ya kamata mu ɗaga shi." Ya tura mata kofin. "Kuma ki duba, karramawa ba a janye ta. In na koma na ce a warware, gobe za a ce majalisa ta ƙwace wa mamaci abin da ta ba shi. Ke za ki so a ce haka? Masu jinya kuwa kada ki damu, akwai kwamiti da zai duba musu wani wuri."

Ta san kwamiti. Mijinta yakan ce in kana son abu ya mutu ba jini, ka ba kwamiti reno. Ta tashi ba ta taɓa shayin ba. Ya raka ta har bakin ƙofa yana cewa a gaida yara.

Ta bi sauran ofisoshin ma. Kowa ya karɓe ta hannu bibbiyu, kowa ya yabi marigayi har ta rasa inda za ta sa maganarta. Wani ya ce ai shi da ya san ba ta so da bai miƙe ba. Wani ya ce ai ya ga ta miƙe. Duk inda ta juya, da miƙewar nan tata ake rufe mata baki.

Ba a jima ba aka kawo motar rusau. Auta ce ta ba ta labari, tana tsaye a ƙofar kicin da farin kayan aikinta, ta ƙi zama. Ta ce da hantsi aka zo, lokacin da rabin mutanen suna ciki wurin ziyara, suka fito suka tarar da tukwanensu da tabarminsu a tsibe a bakin kwata. Ta ce wani tsoho ya rungume famfo ya ƙi saki sai da aka ɓamɓare shi.

"Kuma Mama, mai motar da aka tambaye shi, cewa ya yi iyalan marigayi ne suka ce nan suke so. A wurin aiki yanzu ko ido ba na iya ɗagawa."

Malama ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita. Ta ji haushin yarinyar, ta ji haushin kanta, ta ji har da haushin wanda ya mutu ya bar ta da kuraye ba tare da ya taɓa koya mata yadda suke farauta ba.

Aikin da ba a taɓa gani ba wajen sauri, shi aka yi a lambun nan. Rufin ɗakin haihuwa na asibitin ya shekara yana jiran gyara, amma ciyawa har a mota aka kawo ta a naɗe, aka shimfiɗa kamar darduma. Aka kewaye wurin da shingen ƙarfe mai tsini, aka dasa furanni, aka kafa dutse mai sheƙi a tsakiya. Famfo ɗaya aka bari, don ban ruwan ciyawa.

Ranar buɗewa Auta ta ce kada ta je. Malama ta ce za ta je, kuma za ta yi magana, in ya so a ɗauke ta a fitar. Ta kwana biyu tana shirya abin da za ta faɗa. Aka zaunar da ita a sahun gaba a ƙarƙashin tanti, aka yi jawabai har rana ta take. Da aka kira ta ta yaye ƙyallen da ya rufe dutsen, sai ta wuce dutsen ta kama makirfo.

"Mutumin nan da kuke yabo," ta ce, "a nan wurin akwai rumfa. Shi ya sa aka gina ta. Duk lokacin da kuka tashi rushe ta, shi yake tsayawa ya hana ku, shi kaɗai, har muryarsa ta dushe. Kun jira ya mutu..."

"Allahu akbar! Kun ji jarumta!" mai gabatarwa ya katse ta da nasa makirfon, wanda ya fi nata ƙara. "Shi kaɗai, jama'a! A tafa wa marigayi!"

Aka tafa. Mai Turare ne ya fara miƙewa yana tafi yana girgiza kai, sauran suka bi. Ta ci gaba da magana amma nata makirfon ya riga ya mutu. Wata mata mai fara'a ta kama hannunta a hankali, ta ɗora shi a kan igiyar ƙyallen, ta ja tare da ita. Masu hoto suka ɗauka. A hoton da ya fito, Malama tana kuka, hannunta a kan sunan mijinta, kowa ya ce dubi yadda abin ya taɓa ta.

Ta daɗe ba ta bi ta hanyar ba. Abin da ya kai ta, jininta ne ya hau, Auta ta matsa sai ta je likita ya gani. Da ta fito ta ƙi jiran mota a ciki, ta taka zuwa ƙofa. Lambun yana nan kore shar, ƙofarsa da kwaɗo, mai gadi yana ban ruwa. Masu jinya kuwa suna waje, a jere a gefen kwata, bayansu jingine da shingen. Wasu sun ɗaura zani a tsinin ƙarfen don su sami 'yar inuwa. Sababbin fuskoki ne duk, don mai jinya ba ya daɗewa: ko ya koma da nasa a tsaye, ko ya koma da shi a kwance. Waɗanda suka san mai cire takalmi ya zauna a benci sun daɗe da tafiya.

Jiri ya ɗebe ta, ta dafa shingen. Wata mata mai goyo ta janye ƙullin kayanta ta ba ta gefen kwali.

"Zauna Iya, kada ki faɗi. Ke ma jinya?"

"A'a, ni ce marar lafiyar."

"Allah ya sawwaƙe. Ni mijina ne a ciki, ƙafa aka yanke masa." Ta jijjiga goyon, ta nuna lambun da haɓa. "Kin ga ruwa yana zuba a ciyawa, ni kuwa sai na tsallaka titi in roƙa kafin in wanke wa yaron nan jiki. An ce da rumfa ce a nan, har da famfo da banɗaki. Wai wani ɗan majalisa ne ya mutu, aka kore mu aka yi masa wurin hutawa."

"Ba shi ya kore ku ba," Malama ta ce. "Shi ya gina rumfar."

"To ya gina ya karɓe abinsa ke nan. Ai an ce shi ya ce nan yake so. Matarsa ce ma ta zo da kanta ta nuna wurin, har da hotonta." Matar ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ta kira sunan nan cikakke, yadda aka karanta mata shi a jikin dutse. Sunan da Malama ta saba ji ana bi da albarka. "Allah ya isa tsakaninmu da shi, shi da matar tasa. Ba mu yafe ba."

"Amin," in ji matan da ke jere, ba tare da sun ko ɗago ba. Da gani ba yau aka fara ba.

Malama ta kama hannun matar da hannu biyu.

"'Yar nan, don Allah ki cire shi. Ki bar matar, ita ta yi, ni shaida ce. Ki yi mata duk wadda kika ga dama, zan ce miki amin. Amma shi ki cire shi."

Matar ta dube ta da mamaki, ta zare hannunta a hankali, ta gyara goyonta.

"Iya, ni matar ban san sunanta ba. Nasa aka rubuta."